Ƙirar Koton Fatsa A Zamanin Na'urar Gano Kifi

Tun da ɗan Adam ya fara su da fatsa a makance yake aikinsa, domin da zarar ƙugiya ta nutse ba shi da sauran labarin abin da ke gudana a ƙarƙashin ruwa sai wanda zare ya kawo wa yatsunsa. Saboda haka ma'abuta hikimar ƙera koton ƙarya, wato ɗan kifin itace ko na roba da ake ɗaura wa ƙugiya a maimakon tana ko gayan tuwo, ba su da wanda suke nufin ruɗa sai idon kifi kaɗai. Lauri Rapala, wani matalaucin masunci na ƙasar Finlan, a shekarar 1936 ya sassaƙa nasa da wuƙa daga ɓawon itace mara nauyi, ya lulluɓe shi da takarda mai ƙyalli, bai kuwa nemi komai a gare shi ba face ya riƙa tangaɗi a ruwa kamar ɗan kifin da ya ji ciwo, gama ya lura cewa irin wannan manyan kifaye suke fara kai wa cafka. A kan wannan ƙa'ida sana'ar ta zauna shekaru masu yawa, har na'urar gano kifi ta zo ta ƙara mata wani sharaɗi na biyu.

Asalin na'urar, wadda ake kira sona, amsa-kuwwa ne. Akwai wani ɗan kai da ake maƙalawa a gindin jirgi, shi ne ke tura sauti mai tsananin siranta, wanda kunnen mutum ba ya ji, zuwa cikin ruwa, sa'an nan ya saurari dawowarsa. Da yake kuwa sauti yana tafiyar kimanin mita 1,500 a daƙiƙa guda cikin ruwa, wato fiye da ninki huɗu na saurinsa a iska, abin da ke zurfin mita 15 amsarsa takan dawo cikin kashi ɗaya bisa hamsin na daƙiƙa, na'ura ta lissafa nisan ta zana shi a allo. 'Yan'uwa biyu na gidan Furuno, a lardin Nagasaki na Japan, su ne suka fara sayar da irinta ga masunta a 1948, kana iyalin Lowrance a Amurka suka fito da ƙarama mai dacewa da kwalekwale a 1959. Amma duk waɗannan abin da ke ƙarƙashin jirgi kawai suke nunawa. Babban juyin ya auku ne a 2018, sa'ad da kamfanin Garmin ya fito da LiveScope, wanda ke kallon gaban jirgi yana nuna motsi a lokacin da ake yin sa, har masunci yakan ga kotonsa yana sauka, ya ga kifi ya juyo, ya taso, ya tsaya, ya haɗiye ko ya fasa.

To, a nan mas'alar take. Sauti ba ruwansa da launi ko ƙyalli; abin da ke mayar da shi baya shi ne saɓanin da ke tsakanin ruwa da jikin da ya ci karo da shi, ta fuskar nauyi da tauri. Duk wanda ya taɓa fafe kifi ya ga wata farar jakar iska a manne da ƙashin bayansa, wadda Allah Maɗaukakin Sarki ya halitta masa domin ya daidaita tsayuwarsa a ruwa ba tare da wahala ba. Wannan jaka ita ce ke mayar da mafi yawan sautin da na'ura take ji, alhali tsokar kifin, da yake ta yi kusa da ruwa a ɗabi'arta, amsarta ba ta taka kara ta karya ba. Haka nan koton roba mai laushi, wanda shi ne ya fi kama da ɗan kifi a idon mai cinsa, shi ne kuma ya fi ɓuya ga na'ura, musamman idan an jefa shi nisan mita 20 ko 30. Maƙeri ya wayi gari ana neman abu biyu a hannunsa waɗanda ba safai suke haɗuwa ba: koton ya bayyana sarai ga masunci a allo, ya kuma kasance ƙarami, mai laushi, mara tsoratarwa ga kifin da ke dubansa.

Dabarar farko da aka yi ita ce raba aikin gida biyu: a bar jiki na roba don kifi, a yi kai na ƙarfe don na'ura. Darma aka saba amfani da ita, saboda arha da sauƙin narkewa, tunda a zafin digiri 327 take zama ruwa, kowa na iya zuba ta a gida. Amma yanzu an karkata ga wani ƙarfe mai suna tangistin, wanda nauyinsa ya kai giram 19 da ɗoriya a ma'aunin da darma take da 11, ga shi kuma da tauri, don haka ɗan ƙaramin kai nasa yakan nutse da sauri ya kuma yi amsa mai kaifi. Illarsa tsada, domin ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 3,400, sai dai a niƙa shi gari a matse a cikin mazubi, kuma galibinsa daga ƙasar Sin ake haƙo shi. Yana da wata fa'ida da ba ta shafi allo ba: darma guba ce ga tsuntsayen ruwa da ke haɗiyar ta, abin da ya sa Ingila ta hana ƙananan darmomin fatsa tun 1987. Dabara ta biyu kwaikwayon halittar kifin ce, wato a bar kogon iska a cikin koton, ko a yi masa gefe mai faɗi wanda zai mayar da sauti kai tsaye maimakon ya watsa shi.

Sai dai, a ganina, abin da ya fi canja ƙirar koto ba neman amsa mai ƙarfi ba ne, ilimin da allo ya bayar ne game da halin kifi. Da can ana zaton manyan kifaye a gindin kututture da duwatsu da ciyayi kawai suke fakewa, sai aka ga da yawansu suna rataye a tsakiyar ruwa, ba sama ba ƙasa, suna bin garken ƙananan kifaye. Aka kuma ga cewa sau da yawa kifi yakan bi koto tafiya mai nisa ya juya, musamman idan koton ya faɗo ƙasa da shi, gama yawancin masu farautar nan sama suke kallo. Wannan ya sa aka mayar da zoben ɗaurin zare can tsakiyar saman kai, domin koton ya kwanta a miƙe kamar kifi mai rai, kada ya rataya kai sama wutsiya ƙasa. Masuncin zai jefa, ya bi ɗigon kotonsa da ido yana sauka, ya tsayar da shi kamar mita guda a bisa kifin, sa'an nan ya riƙa kaɗa bakin sanda a hankali da sakakken zare har ɗan robar ya dinga mirgina gefe da gefe ba tare da ya yi gaba sosai ba. Idan ya ga kifin ya taso, sai ya janye koton sama kaɗan-kaɗan kamar mai gudu, a nan ne akasari ake cafka. Masuntan Japan ne suka gyara wannan salo tun kafin Amurkawa su rungume shi. Kamfanin Berkley ma ya ƙera wani koto mai suna Krej, wanda leɓensa ke kallon sama, in an fizge shi ya hau maimakon ya nutse.

Akwai kuma sharaɗin wuri. Sautin na'urar kamar hasken tocila yake cikin duhu, faɗinsa bai wuce kimanin digiri 20 ba, abin da ya fita daga ciki ya ɓace. Saboda haka koton da ke yawan karkata hagu da dama, ko wanda iska ke kwasa wajen jifa, ba ya da amfani a nan kome kyansa. Zare ma an sake masa tsari: siririn tuƙaƙƙen zare mara miƙewa don jifa mai nisa da saurin jin cizo, a ƙarshensa kuma a ƙulla guntun zare garai-garai wanda kifi ba ya saurin gani.

Ba a yi ittifaƙi a kan halascin wannan ci gaba ba, ko a tsakanin ma'abutansa. Wasu na cewa gwaninta ce sabuwa, tunda ganin kifi daban, sa shi ya ci daban. Wasu na cewa an tone wa kifi mafakarsa ta ƙarshe. Ni dai hujjar ɓangare na biyu ta fi rinjaya a wurina, ko don dalili guda: kifin da aka fizgo daga zurfin mita 10, inda matsin ruwa ya ninka na sama, jakar iskarsa takan kumbura, ko an sake shi ba lalle ya iya komawa ƙasa ba. Wata ƙungiyar gasar kamun kifi ta Amurka, NPFL, ta haramta na'urar mai kallon gaba daga 2025, hukumar jihar Misisifi kuwa saboda wannan na'ura, a 2024 ta rage adadin wani kifi mai suna kirafi da mutum guda zai kama a yini, a manyan tafkunanta huɗu, daga 15 zuwa 10.