Halin uwar ɗaki da ubangida: wanne ake haƙuri da shi, wanne ake tashi?

Da zarar an gama girbi an kai hatsi rumbu, da yawa daga cikinmu nan Hamdara sai mu shiga neman aikin rani. Wasu su tafi Mirya, wasu su wuce Damagaram aikatau a gidajen Birni, Zango ko Sabon Gari. Wasu na ban ruwa a lambunan mutane, wasu na girki a lakwal, wasu na shara a likita. Kuɗin da ake zubawa a asusu duk mako, kaso mai yawa daga irin wannan gumin yake fitowa. Shi ya sa in an rufe akwati aka zauna hira, zancen da ya fi daɗewa a tabarma shi ne halin masu ba mu aiki. Mun tattara abin da muka ji a ƙungiyoyinmu, ba tare da kama sunan kowa ba, don mu amfana gaba ɗaya.

Kowa da nasa

Wata daga cikinmu ta yi aiki gun wata Hajiya da ke ƙirga dunƙulen Maggi safe da yamma, ta kuma ɗaura zare a jikin kwalbar mai don ta san inda ya tsaya. Wata kuma ubangidanta mai lambu ne: in ba daga gabas aka fara ban ruwa ba, sai a sake. Akwai shugaban da ba ya amsa gaisuwa sai ya sha shayinsa. Akwai madam da ke bi da yatsa kan tebur bayan an goge, ta ɗaga yatsan ta duba, ko da ba ta ga komai ba sai ta yi tsaki. Wata uwar ɗakin da safe ta ce a dafa shinkafa, da azahar ta rantse tuwo ta ce.

In ana ba da irin waɗannan labarai dariya ake yi har da hawaye. Amma wadda ke cikin gidan, wallahi ba dariya take ba. Takan kwana da abin a rai, wata ma ta ajiye aikin cikin fushi ana saura kwana goma wata ya ƙare, ta dawo hannu wofi, zubinta ya tsaya, bashin asusu ya hau kanta. Wata kuma ta yi ta haƙuri da abin da bai kamata a haƙura da shi ba, don an ce mata haƙuri maganin zaman duniya. Duka biyun asara ce. Abin da ya rage mana shi ne mu iya rarrabewa.

Tambaya uku kafin ki yanke shawara

Kafin ki ce kin gaji, ki tambayi kanki. Wannan halin yana taɓa kuɗina? Yana taɓa lafiyar jikina? Yana taɓa mutuncina ko addinina? In amsa uku duk a'a ce, to hali ne kawai, kuma hali zanen dutse ne. Ba ke za ki sake Hajiya mai shekara sittin ba. Ki koyi hanyar bi da shi, ki karɓi kuɗinki.

Mai ƙirga Maggi, alal misali. ƴar uwarmu da farko ta ɗauka ana zarginta da sata. Daga baya ta lura ko ƴaƴan gidan haka ake musu. Sai ta riƙa cewa tun da safe: "Hajiya, zo mu ƙirga tare kafin in ɗora tukunya." Kun ga ƙirgar da ke ɓata mata rai ta koma shaidarta. Ranar da wani abu ya ɓace a gidan, ba wanda ya kalle ta.

Mai canza magana kuwa, maganinta maimaitawa. In ta ce shinkafa, ki ce: "To Hajiya, shinkafa da miyar ja, tiya ɗaya ko?" Ki faɗa da ɗan ƙarfi yadda wani a gidan zai ji. Wadda ta yi yaƙi da jahilci ta rubuta a ɗan littafinta. Wanda ba ya amsa gaisuwa, ki gaishe shi don Allah ki kama aikinki. Ladan sallama naki ne. Kuma ki san lokacinsa: ba a kai wa mai jiran shayi zancen ƙarin kuɗi.

Halin da magana ke gyarawa

Akwai na tsakiya, wanda ba mugunta ba ce amma yana cin ki a hankali. Uwar ɗakin da ke son hira bayan an gama aiki har magariba ta yi miki a hanya. Ubangidan da ke kiran salula cikin dare don tambayar inda aka ajiye bokiti. Wadda aka yi da ita a kan wanki da shara, sai ga raino, ga daka, ga aike kasuwar Dole, kuɗi kuwa na nan yadda yake.

Irin wannan ana magana, amma da dubara. Kada ki yi a gaban baƙi ko kishiya, kada ki yi lokacin da ranki ke tafasa. Ki fara da alherin da ta yi miki, sannan ki kawo abu ɗaya tak, ki kuma zo da mafita: "Inna, yara na jirana da abinci. In na fara zuwa da sassafe, a bar ni in tashi bayan la'asar." In kina jin nauyi, ki nemi wadda ta kai ki gidan ta faɗa a madadinki. Tun kakanni haka ake a ƙasar Damagaram, babba ba a tunkararsa kai tsaye, ta bakin wani ake isar masa.

Mafi sauƙi dai a yi sharaɗi tun ranar farko, gaban shaida: wane aiki, ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa, nawa ne, wace rana ake biya, da abinci ko babu. Mu da muke rubuta zubi da bashi duk mako, rubuta kwanakin aikinmu da abin da muka karɓa ba zai gagare mu ba.

Wanda ba hali ba ne, zalunci ne

"Sai gobe" a kan kuɗin aiki har wata biyu, wata uku. Yanke albashi don kofi ya fashe. Duka, zagin iyaye, hana abinci, hana salla, kulle yarinya a gida. Maigida ko ɗansa da ke kai hannu, ko ya riƙa maganar banza in matar gida ta fita. Wannan kada wadda ta ce miki "haka yake, ki yi haƙuri". Addininmu ya yi umarni a biya ma'aikaci haƙƙinsa ba da ja ba. Dokar ƙasa ma ta yi magana: dokar ƙwadago ta Nijar ta shekarar 2012 ta haramta matsa wa ma'aikaciya da neman lalata, kuma akwai ofishin sufeton ƙwadago a Damagaram da ke karɓar ƙarar ma'aikata. Tun watan Janairun 2024 mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jika 42 ne a wata. Mun san masu aikatau da yawa ko kusa da haka ba sa samu, amma sanin adadin na ba ki bakin ciniki. A duniya ma, a 2011 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da yarjejeniya ta musamman a birnin Janiba, wadda ta ce aikin gida aiki ne kamar kowane, mai yin sa na da haƙƙin hutu da biya.

In abu ya kai nan, ki gaya wa shugabar ƙungiyarki. A je mutum biyu ko uku a nemi haƙƙin cikin mutunci. In bai yiwu ba akwai mai unguwa, akwai maigari, akwai liman, akwai hukuma. In kuwa an taɓa yarinya, a fara fitar da ita daga gidan, sauran magana ta biyo baya.

Abin da akwati ke yi mana

Me ke sa mace ta zauna a inda ake wulaƙanta ta? Rashin na komawa. Tun da aka fara Mata Masu Dubara a yankin Maradi a 1991, da tallafin ƙungiyar CARE, tsarin ya bazu ƙasashe da dama na Afirka, kuma amfaninsa bai tsaya ga rabon kuɗi ba. Wadda ke da zubi a akwati, ta san za ta iya ɗaukar bashi ta sayi gyaɗa ta yi ƙuliƙuli da mai, ko ta ɗaure akuya, daban take tsayawa gaban uwar ɗaki. Ƙaramin hali ba ya tayar mata da hankali, babba kuma ba ta durƙusa masa. Muna ba kowace ƙungiya shawara ta tattauna ko asusun taimako, wanda muke taɓawa don ciwo da rasuwa, zai iya ɗaukar kuɗin motar ƴar ƙungiya ko ɗiyarta da ta bar aiki saboda zalunci.

Mu ma fa uwayen ɗaki ne

Laifi tudu ne. Da yawanmu da jari ya ɗan yi ƙarfi mun ɗauki masu yi mana sussuka, masu ɓarar gyaɗa, masu ɗebo ruwa. Su ma in sun haɗu a bakin rijiya, labarinmu suke bayarwa. Wace ce cikinmu ke auna ƙuliƙuli sau uku? Wace ce ke cewa "sai ranar kasuwa" alhali kuɗin na ƙulle a bakin zane? Wace ce ke riƙe ɗiyar maƙwabta a talla har ta rasa lakwal? Tambaya ukun nan da muka kawo, mu juya su kanmu: halina yana taɓa kuɗinta, lafiyarta ko mutuncinta?

A taron mako mai zuwa, bayan an gama zubi, kowace ƙungiya ta ware ɗan lokaci kan wannan batu. A ba da labari ba tare da kama suna ba, sakatariya ta rubuta dubarun da suka yi aiki a aiko mana don fitowa ta gaba. Masu shirin tura ƴaƴa aikin rani kuma, a zaunar da su a karanta musu kafin su hau mota. Allah ya ba mu iyayen gida nagari, ya sa albarka a guminmu. Amin.