Fata Ma Tana Son Yaɓe

Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa a Jekadafari ko Bolari cikin garin Gombe ya san aikin magidanci kafin damina. Yakan zagaya katanga yana neman tsaga, ya kwaɓa ƙasa ya yaɓe. In yaɓe na da kyau, ruwa ya bi ta kai ya wuce. In ya tsage, ruwa ya shige yana cin ginin ta ciki.

Haka fatar mutum take. Akwai wani siririn maiƙo a samanta da ke riƙe danshi, yana tare datti. Yaron da ke fama da kirci, wanda likitoci ke kira eczema, nasa yaɓen ba shi da ƙwari tun asali. Galibi gado ne, kamar asma, kuma ba a ɗaukarsa a wurin wani.

Abin da ke dukan wannan katanga a Gombe iska ce. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na kwaso ƙura tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Ga hayaƙin Keke Napep da babura a Tashar Dukku, ga na janareto, ga na itacen girki. Ƙananan ƙwayoyin hayaƙin nan, kaurin gashin kai ya ninka nasu kusan sau 30 ko fiye. Sukan maƙale a tsagar fata su ta da kumburi da ƙaiƙayi. A Nuwamban 2018, da hayaƙin gobarar daji ya lulluɓe San Francisco a Amurka, masu zuwa asibiti da wannan ciwo sun ƙaru.

Uwar da ɗanta ke da shi ta san wahalar. Tsakar dare yaro na susar bayan gwiwa da lanƙwasar hannu har jini ya fito, wurin ya yi kauri ya yi baƙi, ita da shi babu barci.

Don haka a yi yaɓe da wuri. A yi wa yaro wanka da ruwa mai ɗumi da sabulu marar ƙamshi, a shafa masa man kaɗe ko basilin tun jiki bai bushe ba. A yanke masa farce, a sauke shi daga goyo kafin a hura wuta. In ciwon ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, a kai shi Asibitin Koyarwa na Tarayya, kada a sayo man kemis mai ƙarfi ba da izinin likita ba, domin yawan shafa shi na sirantar da fata.

Mai ƙona robobi da leda a ƙofar gida kuwa, ya ji tsoron Allah. Hayaƙin nan ɗakin maƙwabci yake shiga, ɗan maƙwabci ne zai kwana yana susa.