Dangin Oktofus a Duwatsun Sakkwato: Yadda Za Ka Gane Su

Masu kallon ƙwallo za su tuna Paul, dabbar ruwan nan mai hannu takwas da ta zauna a Jamus, wadda ta yi suna a gasar cin kofin duniya ta 2010 wai don tana zaɓar ƙasar da za ta ci wasa. Ita ce oktofus. Zuciyarta uku, jininta shuɗi, kuma babu ƙashi ko ɗaya a jikinta. Abu mai tauri kawai shi ne bakinta, mai kama da na aku.

A bakin teku mai duwatsu, masu nemanta ba ita suke fara dubawa ba, don takan sauya launi ta saje da dutse. Sharar ƙofar gidanta suke nema: tarin ɓawon ƙaguwa da katantanwar da ta cinye ta watsar a bakin rami. In ta fito, sai a ƙirga hannuwa. Takwas cif, oktofus ce. In akwai ƙarin dogaye biyu, 'yar uwarta ce, wata dabam.

To mu fa a Sakkwato, da teku ya yi mana nisan fiye da kilomita 700? Ai mu ma muna da gaɓar teku, sai dai tsohuwa ce, ta zama dutse.

Tekun da ya janye

Tsakanin shekaru miliyan 100 zuwa miliyan 50 da suka wuce, wani teku mara zurfi ya riƙa shigowa daga arewa, ta inda yau ake kira Aljeriya da Mali da Nijar, yana janyewa yana dawowa. Lakar da ya bari ita ce duwatsun Dukamaje da Dange da Kalambaina. Farin dutsen da ake haƙa a Kalambaina don yin siminti, yawancinsa ɓawon halittun tekun nan ne da ya daskare. Akwai ma wani ƙaton maharbin ruwa mai kama da ƙadangare da aka tono a wajen Goronyo, wanda a 1972 aka raɗa masa suna Goronyosaurus.

Kada dai ka sa ran tsintar oktofus ɗin kanta. Jiki mai laushi ruɓewa yake kafin laka ta adana shi, shi ya sa burbushinta ke da wuyar samu a duk duniya. Cikin 'yan kaɗan da aka samu akwai na Lebanon, masu shekaru kusan miliyan 95. Abin da muke da shi a nan danginta ne masu ɓawo: amonayit da notilas.

Katantanwa ce ko dangin oktofus?

In ka nuna wa mutum irin wannan dutse, abin da zai ce shi ne, "Wanga ai katantanwa ce." Yana da hujja, don duka a naɗe suke kamar gammo. Bambancin yana ciki. Ɓawon dodon koɗi rami ɗaya ne tun daga baki har ƙurya. Na dangin oktofus kuwa an yanka shi ɗaki-ɗaki. Dabbar tana zaune a ɗakin ƙarshe, sauran ɗakunan tana daidaita ruwa da iska a cikinsu don kada ta nutse.

Saboda haka ka jiƙa dutsen, ka duba ko akwai layuka da suka ratsa naɗin. Nan ne bangon kowane ɗaki ya haɗu da ɓawo. In babu su, mai yiwuwa katantanwa ce. In layin mai sauƙi ne, lanƙwasarsa kaɗan kamar bakin ƙwarya, kuma dutsen mai kumburi ne, notilas ka samu. In layin ya yi ta kai da komo kamar zanen lalle, amonayit ne. Wanda aka sani a Dukamaje, Libycoceras, a baje yake kamar faifai.

Wannan ɗan layi agogo ne. Amonayit sun ƙare shekaru miliyan 66 da suka wuce, lokaci ɗaya da dinoso, bayan wani ƙaton dutse daga sararin sama ya faɗo a yankin da yau yake Meziko. Notilas sun tsira, har yanzu jikokinsu na yawo a tekun Fasifik. Duwatsun Dukamaje sun kwanta kafin wannan halaka, shi ya sa ake samun amonayit a cikinsu. Na Kalambaina sun zo bayanta: akwai notilas, babu amonayit. Wani abin mamaki kuma, duk da kamar da ɓawonsu ya yi, masana na ganin amonayit ya fi kusa da oktofus a dangantaka fiye da notilas.

In za ka fita nema

Bayan damina ya fi, lokacin da ruwa ya wanke kwazazzabai da gefen tuddai. Ka juya dutse da sanda, saboda kunama da maciji. Kada ka shiga ramin haƙar dutse ba da izini ba.

Abu mafi muhimmanci: kafin ka ɗaga, ka ɗauki hotonsa a inda yake, da biro a gefe don a san girmansa, ka rubuta sunan wurin. Burbushin da ba a san inda ya fito ba ya rasa rabin labarinsa, tunda wurin ne ke faɗin shekarunsa. Kullum ruwa da haƙa suna fito da sababbi, kullum kuma wasu na farfashewa ba wanda ya gan su. In ka tsinci wanda ya ba ka mamaki, ka kai shi sashen nazarin duwatsu na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, tare da hoton da sunan wurin.