Baje Kolin Kimiyya na Yara: Irin Aikin da Ya Kamata Yaro Ya Kawo

Duk wanda ya taɓa shiga zauren da 'yan makaranta suka baje kolin ayyukansu na kimiyya ya san abubuwan da idonsa zai fara cin karo da su. Ga gidan kwali an saƙala masa ƙwan fitila, ga jirgin sama na gwangwani, ga kuma babbar takarda an zana zuciyar ɗan Adam da jan alli da shuɗi. Yaro yana tsaye a gefe ya haddace jawabinsa tsaf, amma da zarar an tambaye shi wani abu da ba ya cikin haddar, sai ya yi tsuru-tsuru ya waiwayi malaminsa. Irin waɗannan ayyuka suna nuna gwanintar hannu, kuma gwanintar hannu abar yabo ce. Sai dai manufar da aka kafa baje kolin dominta ita ce yaro ya koyi yadda ake yi wa halitta tambaya, a kuma sami amsar da wani zai iya jarrabawa ya tabbatar.

Al'adar ta samo asali ne daga Amurka. A shekarar 1928 aka shirya wa yara irin wannan taro a birnin New York, sa'an nan a 1950 aka yi na ƙasa baki ɗaya karo na farko a Philadelphia. Bayan da Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron Sputnik a 1957, hankalin Amurkawa ya tashi, suka zuba kuɗi a koyar da kimiyya, baje kolin ya bazu a makarantunsu. A wannan shekara ta 1957 ne kuma aka kafa Ƙungiyar Malaman Kimiyya ta Nijeriya. Da al'adar ta iso makarantun ƙasashenmu, siffarta ce ta fi saurin karɓuwa, watau tebur da allo da kyauta, ruhinta kuwa yana tafe a baya.

Aikin kimiyya na gaskiya da tambaya yake farawa, tambayar kuwa ƙarama, wadda yaro zai iya amsa ta da ma'auni. “Wutar lantarki” kan magana ne, babu yaron da zai iya gwada shi. Amma “tsakanin baƙin gwangwani da farin gwangwani, wanne ne ruwan cikinsa ya fi zafi bayan sa'a biyu a rana” tambaya ce da ɗan aji huɗu zai iya warwarewa da ma'aunin zafi guda ɗaya. Kafin ya auna, sai ya rubuta abin da yake zato da dalilinsa, domin daga baya ya ga ko zatonsa ya yi daidai.

Sharaɗi na biyu shi ne abin kwatance, kuma nan ne yawancin ayyukan yara suke tuntuɓe. A shekarar 1747 wani likitan jiragen ruwan Ingila mai suna James Lind ya ware matuƙa goma sha biyu da suka kamu da cutar nan mai sa dasashi ya kumbura yana zubar da jini, wadda a yau aka san rashin sinadarin bitamin C ke kawo ta. Ya raba su biyu-biyu, abincinsu ɗaya, makwancinsu ɗaya, abin da ya bambanta kawai shi ne maganin da ya ba kowane rukuni. Wasu ruwan teku, wasu ruwan khal, wasu kuma lemon zaƙi da na tsami. Waɗanda suka sha lemo ne suka farfaɗo cikin 'yan kwanaki. Da a ce ya ba dukansu lemo tare da sauran magungunan gaba ɗaya, da ba wanda zai san abin da ya yi aiki. Darasin da yaro zai ɗauka ke nan: a canza abu ɗaya tak, a bar sauran yadda suke, a kuma ajiye wani gefe da ba a yi masa kome ba don a kwatanta.

Ba sai an je nesa neman abin bincike ba. Randar da ke gindin bishiya a tsakar gida ta ishi yaro aikin wata guda. Kowa ya san ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi, amma kaɗan ne suka taɓa auna bambancin. Dalilin sanyin shi ne jikin tukunyar ƙasa yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwa yana tsattsafowa ta cikinsu, iska ta busar da shi, kuma ruwa ba ya zama tururi sai ya ɗebi zafi daga abin da yake manne da shi. Haka gumi yake sanyaya jikin mutum. A kan wannan ƙa'ida ne marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Dutse ta Jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar sa ƙaramar tukunya cikin babba, a cike tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, domin adana gauta da tumatir da alayyafo a ƙauyukan da babu wutar lantarki. Aikin ya kai shi ga samun lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

Yaron da ya haɗa irin wannan tukunya ya kawo ta zaure, ya maimaita abin da wani ya riga ya yi ne kurum. Wanda ya haɗa guda uku, ya sa yashin rafi a ɗaya, gawayi a ɗaya, ya bar ta ukun da busasshen yashi, sa'an nan ya riƙa auna zafin cikinsu safe da rana da yamma har mako biyu, shi ne ya yi bincike. In ya fi haka himma, sai ya auna a watan Maris, ya sake aunawa a watan Agusta. Zai tarar da cewa dabarar tana aiki sosai lokacin da iska ta bushe, amma da damina, sa'ad da iska ta ƙoshi da laima, sanyin da take bayarwa kaɗan ne. Wannan sakamako yana da amfani ƙwarai, gama ya nuna iyakar dabarar, ya kuma bayyana dalilin da ya sa abin da ya yi amfani a Gumel ba lalle ne ya yi a Fatakwal ba.

Ɗakin girki ma ɗakin gwaji ne. Ruwan zoɓo yana canza launi gwargwadon abin da aka zuba masa: lemon tsami ko tsamiya suna ƙara masa ja, jiƙaƙƙiyar kanwa ko ruwan toka kuwa suna juya shi ya koma wajen kore mai duhu. Masu girki sun daɗe da sanin cewa kanwa tana kashe tsami, ko da ba su kira abin da sunan da littattafai suke kiransa ba. Yaro zai iya jera kofuna goma, ya gwada ruwan rijiya da na famfo da nono da ruwan sabulu, ya tsara su daga mafi tsami zuwa kishiyarsa. Zai iya ƙirga ɗigon ruwan kanwa nawa ake bukata kafin launin cokali ɗaya na lemon tsami ya juya, ya kwatanta da na tsamiya. Da kofi da cokali ya yi abin da ɗaliban jami'a suke yi da kwalabe masu tsada.

Ɗan manomi kuwa yana da tambayar da ta shafi rumbun gidansu kai tsaye, watau ƙwarin da ke huda wake. Sai ya raba wake mudu ɗaya gida huɗu daidai: kashi ɗaya a kwalbar da aka toshe bakinta ƙam, ɗaya gauraye da toka, ɗaya da busasshen ganyen darbejiya, na huɗu a buɗe ba a sa masa kome ba. Bayan wata biyu ya ɗebi ƙwaya ɗari daga kowanne ya ƙirga masu huji. Toshe iska ita ce ƙa'idar buhunan nan masu leda biyu a ciki da Jami'ar Purdue ta Amurka ta yaɗa a Yammacin Afirka tun daga 2007, domin ƙwaro ba ya rayuwa in iskar shaƙarsa ta ƙare. Haka nan garin 'ya'yan zogale yana sa dattin ruwa ya dunƙule ya kwanta, abin da matan ƙauyukan Sudan suka daɗe suna yi da ruwan Nilu. Yaro zai iya gwada adadin da ya fi tsarkake gurɓataccen ruwa, amma wajibi ne a gaya masa cewa ruwan da ya yi garau a ido ba lalle ne ya rabu da ƙwayoyin cuta ba, kada kuma a bari kowa ya sha.

Akwai wani aiki da ya cancanci a daɗe a kansa, saboda sanda ɗaya da awon tela kaɗai yake bukata, amma abin da ake aunawa da shi duniya ce sukutum. Fiye da shekara 200 kafin haihuwar Annabi Isa, Eratosthenes, mai kula da babban ɗakin karatu na Iskandariyya, ya sami labarin cewa a Asuwan akwai ranar da tsakar rana ba ta barin inuwa. A wannan rana ya auna inuwa a Iskandariyya, ya ga ta karkace da kashi ɗaya cikin hamsin na da'ira, sai ya ninka nisan garuruwan biyu sau hamsin ya sami kewayen duniya. Makarantu biyu za su iya maimaita wannan, muddin ɗaya tana arewa da ɗayar sosai. Kano da Agadas sun dace. A wajen 21 ga Maris ko 23 ga Satumba, sandar da ta kai mita ɗaya, in an kafa ta a miƙe, inuwarta mafi gajarta a Kano za ta kai kimanin santimita 21, a Agadas kuwa kimanin 30 da ɗoriya. In aka zana waɗannan a takarda aka auna kusurwa, za a sami digiri 12 da digiri 17. Bambancin digiri 5 ne, watau kashi ɗaya cikin 72 na da'ira, nisan garuruwan a miƙe kuwa kimanin kilomita 555 ne. In an ninka, amsa za ta faɗo dab da kilomita 40,000. Abin lura a nan shi ne tsakar rana ta gaskiya ba ƙarfe goma sha biyu na agogo ba ce. A Kano takan kai wajen sha biyu da rabi. Yaro ya riƙa sa alama a bakin inuwar kowane minti biyar har ta daina raguwa ta fara ƙaruwa. Wannan shi ne zawali, kuma ladanin unguwa ya riga malamin kimiyya saninsa.

Kowane aiki yaro ya zaɓa, littafin rubuta awo shi ne ginshiƙinsa. A rubuta kwanan wata da lokaci da adadi a daidai lokacin da aka auna, da biro, ba a gogewa. A maimaita gwaji sau uku ko fiye, domin shuka ɗaya tana iya mutuwa saboda akuya ko tsutsa, ba saboda takin da aka sa mata ba. In sakamako ya saɓa wa zato, a rubuta shi yadda ya zo. Yaron da ya ce ya zaci toka za ta kare wake amma ƙirga ya nuna ba ta kare ba, ya fi wanda ya gyara lambobinsa don su yi kyau nesa ba kusa ba, kuma alƙalin da ya ba na biyun kyauta ya koya masa ha'inci da hannunsa.

Wani abu da ke yawan bayyana a irin waɗannan tarurruka shi ne injin da aka ce yana ba kansa wuta: batir ya juya fanka, fanka ta juya janareta, janareta ya cika batir, har abada. Irin wannan inji ba ya yiwuwa, domin a kowane mataki wani kashi na ƙarfin yana salwanta ya zama zafi. Bai kamata a yi wa yaron dariya ba, bai kuma kamata a kai shi gaban manyan baƙi ana tafa masa ba. Abin da ya dace shi ne a ba shi agogo ya auna tsawon lokacin da batirin ke yi shi kaɗai da fanka, da kuma wanda yake yi in an haɗa dukan injin.

Saura maganar manya. Iyaye, musamman ma'aikata masu hali, sukan kai aikin ɗansu wurin kafinta ko mai gyaran rediyo, a ƙera a kawo, yaro ya tsaya a gaba kamar ɗan tallan kayan wani. Taimakon da ya halatta shi ne sayen ma'aunin zafi, da riƙe wuƙa in za a yanka abu, da yi wa yaro tambayar da za ta sa ya sake tunani. Su kuma malamai nauyin tsaro yana wuyansu: kada yaro ya taɓa wutar gida, ko fetur, ko ruwan batirin mota, ko maganin ƙwari, kada ya tsiro da ƙwayoyin cuta a buɗaɗɗen faranti, kada kuma ya wahalar da dabba da sunan gwaji. Batirin tocila ya isa duk wani aikin lantarki na firamare.

Jami'an ilmi da ke tsara gasar su ne ke riƙe da linzami, domin abin da aka ba maki shi makarantu za su kawo baɗi. In rabin maki yana kan kyan allo da tsadar kaya, makarantar ƙauye ta faɗi tun kafin ta hau mota. In kuwa aka ɗora mafi yawan makin a kan tambayar da yaro ya yi, da abin kwatancensa, da littafin awonsa, da yadda yake amsa tambaya da bakinsa, ko da Hausa ne, to yarinyar da ta zo da kwalabe huɗu na wake za ta iya tsayawa kafaɗa da kafaɗa da ɗan babbar makarantar birni. Tambayoyi uku sun ishi alƙali ya gane mai aikin: me ka canza, me ka bari yadda yake, kuma me za ka sake in aka ba ka wata guda nan gaba.