Daga Rumbun Bayanai Zuwa Teburin Alhaji

A ce ga babban ɗan kasuwa a Kantin Kwari mai shaguna huɗu, kowanne da kwamfutar yanke rasit. Duk turmin atamfar da ya fita, duk yadin shaddar da aka yanka, nan take yake shiga rumbun bayanai. Amma ranar da Alhaji ya ce, "Wai wane kaya ne ya fi tafiya a azumin bara?" sai akanta ya kwana biyu yana kwafe-kwafe a Excel.

Irin wannan rumbu mai teburori masu alaƙa da juna ya samo asali ne daga takardar da Edgar Codd na kamfanin IBM ya wallafa a 1970. Dabarar ita ce kada a rubuta abu sau biyu. Sunayen masu saye suna tebur guda, kowa da lambarsa, kaya suna nasu teburin, teburin ciniki kuwa lambobin nan yake ɗauka ya ɗaura wannan da wancan. Tsarin ya yi wa mai yanke rasit daidai, amma mai dukiya ba ya gane komai a ciki. Sai da yaren SQL ake yi wa rumbun tambaya, kuma ba kowa ya iya shi ba.

Wannan giɓin ne manhajojin haɗa rahoto suke cikewa, irin su Power BI na Microsoft da ya fito a 2015, da Tableau da Salesforce ya saya a 2019, da Metabase da ake iya ɗorawa kyauta. Jona su da rumbun bai taka kara ya karya ba. Za a ba manhajar adireshin kwamfutar da rumbun yake kai, da lambar ƙofarsa, wato 5432 in PostgreSQL ne ko 3306 in MySQL ne, sai sunan shiga da kalmar sirri. Wani lokacin sai an saka wata 'yar manhaja mai aikin tafinta, wadda masu sana'ar ke kira direba. Abu ɗaya dai, sunan shigar ya zama na karatu zalla, wanda ba ya iya gyarawa ko gogewa.

Daga nan sai zaɓi: a riƙa kwaso bayanan lokaci-lokaci, ko a bar manhajar tana tambayar rumbun kai tsaye? Kwasowa ta fi sauri, ta kuma fi jure wa intanet ɗinmu mai zuwa da ɗaukewa, sai dai alƙaluman na ɗazu ne. Lasisin Pro na Power BI sau takwas kawai yake yarda a sabunta a rana. Kai tsaye kuwa, duk maɓallin da Alhaji ya danna, tambaya ce ta tafi rumbun da shaguna ke aiki da shi. Ya nemi lissafin shekara biyar ana jajibirin salla, sai rasit ya maƙale a shago alhali layi ya kai bakin titi. Shi ya sa masu hankali ke ware wa rahoto kwafin rumbun na daban.

Inda aka fi yin tuntuɓe, a ganina, ba a nan ba ne. Ɗauki rasit ɗaya na naira 90,000 mai kaya uku. In aka haɗa teburin rasit da teburin kayan da ke cikinsa ba tare da lura ba, jimillar nan za ta fito sau uku, rahoto ya nuna 270,000. Babu gargaɗin da zai bayyana. Zanen zai fito tsaf da launukansa, kuma saboda kwamfuta ce ta faɗa, ba mai musu.

Sai kuma kalmar ciniki ita kanta. A kasuwar da ake ɗaukar kaya bashi a biya bayan an sayar, kayan da suka fita yau ciniki ne, ko sai kuɗi ya shigo? Waɗanda aka dawo da su fa? Yaron shago zai ce an yi ciniki, akanta ya ce bai gani a aljihun tebur ba. Manhaja ba za ta raba wannan gardama ba. Sai Alhaji da akanta sun zauna sun tsayar da magana, a rubuta ƙa'idar wuri ɗaya a cikin rumbun don kowane rahoto ya ɗebo daga can. Kafin a miƙa wa Alhaji allon rahoton kuma, a zaɓi rana guda a shago guda, a ɗauko rasitanta, a buga da kalkuleta a gani ko sun zo ɗaya da rahoton.