Yaron da Aka Ɓoye a Ɗaki, da Hakkinsa Wurin Gwamnati

Maganarmu ta yau a kan yaran nan ce da Allah ya halitta da jinkiri, ko a hankali ko a gaɓoɓi. Ka ga yaro ya shekara huɗu bai buɗe baki ba, ko ya shekara biyu wuyansa bai tsaya ba, ko kuwa ya girma, amma abin da tsaransa suka hardace cikin mako shi sai ya yi shekara a kai. Wani a ce da shi galahanga, wani dolo, wani ma a ce ɗan ruwa ne, wai aljanu suka yi musanya. Wannan ta ƙarshe ƙarya ce tsagwaronta, ta kuwa sa an tozarta bayin Allah da yawa.

Likitoci sun san sabubba da dama na wannan lalura: doguwar naƙuda wadda ta tauye numfashin jariri, da shawara mai tsanani a makon haihuwa, da sanƙarau, da zazzaɓin sauro in ya hau kai. Wani kuma tun a ciki aka halicce shi haka. Ba alhakin uwa ba ne.

To, a watan Janairu na 2019 Shugaban Ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sa hannu a kan dokar hana wariya ga masu nakasa, a 2020 kuma aka kafa musu hukuma ta ƙasa a Abuja. Dokar ta ba mai nakasa karatu kyauta har ƙarshen sakandare. Wanda nakasarsa ta hankali ce ta ƙara masa magani kyauta a asibitocin Gwamnati. Ta kuma yanka wa wanda ya sa mai nakasa bara tarar naira 100,000, ko ɗaurin wata 6, ko duka biyu.

Amma fa Gwamnati ba ta san mutum da fuska ba, da takarda ta san shi. Yaron da aka kulle a ƙuryar ɗaki don kunyar baƙi, a wurinta kamar ba a haife shi ba. Saboda haka matakin farko shi ne likita, a babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ko asibitocin ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri. A tafi da mahaifiyar yaro, gama ita ta san yadda naƙuda ta kasance, da watan da ya zauna, da ranar da ya fara farfaɗiya in yana yi. Uba ya kan amsa da "ina tsammani", likita kuwa ba ya rubuta tsammani. Kada a fito sai an roƙi rahoto a rubuce, da sa hannu da hatimi.

Da wannan rahoto a ke neman takardar shaidar nakasa. Bisa doka, likita yana iya ba da ta wucin gadi da yardar hukumar, ba ta wuce kwana 180. In lalurar ta zarce haka, hukumar ta ba da tabbatacciya bisa shawarar likita. Wanda ya ba da ta ƙarya ko ya karɓa, tararsa naira 200,000 ko ɗaurin shekara guda. A haɗa da takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya da lambar shaidar ɗan ƙasa. A lura ƙwarai suna ya zama ɗaya a kan dukkansu, domin Muhammadu a nan, Mamman a can, ya isa a mai da mutum gida. Ɗan kasuwa ba ya sakin rasit ɗinsa. Haka nan a miƙa wa akawu kwafe, a riƙe ta asali.

Ba za mu ɓoye wa mai karatu ba, abin da ke rubuce daban, abin da a ke tararwa a bakin taga daban. Sau da yawa a kan ce babu magani, ko makaranta ta ce ba ta da malamin irin waɗannan yara. Asibitin jiha da makarantar jiha kuwa sun fi jin dokar jiharsu, shi ya sa Kano da Kaduna da Jigawa da Filato suka yi tasu. Sai a tambayi ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma, da reshen ƙungiyar masu nakasa na garin, su ne suka san ƙofar da ke buɗe. Wanda aka kora da baki, ya koma da wasiƙa mai kwanan wata.

Wani dattijo zai ce shi ba ya roƙon Gwamnati. Malamai sun fi mu sanin babin hajru a Muhtasar: wanda ba ya iya tsare maslahar kansa, waliyyinsa ne ke tsaya masa. Hakkin nan na yaron ne, bai kamata waliyyi ya yafe abin da ba nasa ba don jin nauyin idon mutane. Iyaye kuwa ba su dawwama. Ya kamata tun suna da rai su nuna wa wa ko ƙanen yaron inda takardun su ke, da sunan likitan da ke duba shi, da ranar komawa asibiti.