Daga Perth Zuwa Ningaloo: Ajin Kimiyya A Cikin Mota Mai Ɗaki

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi. A yammacin ƙasar Ostiraliya akwai wata hanya mai tsawon kimanin kilomita 1,250, wadda ta tashi daga birnin Perth ta miƙe arewa, tana bin gaɓar Tekun Indiya har garin Exmouth. Daga watan Afrilu zuwa Yuli, lokacin da zafin arewacin ƙasar ya lafa, iyalai da yawa kan ɗauki hayar mota mai ɗaki su kama wannan hanya. A cikin motar akwai gadaje da murhun gas da firiji da tankin ruwa. Uba da uwa kan yi karɓa-karɓar tuƙi, yara kuwa aikinsu kallo da tambaya.

Darasin farko lissafi ne. Garuruwan yankin suna nesa da juna ƙwarai, saboda haka dole a auna mai da ruwan sha kafin a bar kowane zango. Haka kuma matafiyi mai hankali yakan tsaya tun kafin faɗuwar rana, domin da almuru ne dabbar kangaru ke fitowa kiwo, kuma takan tsallaka titi ba zato ba tsammani.

Duwatsu Masu Rai

Bayan tafiyar kimanin kilomita 800 sai a isa Shark Bay, wurin da hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren gadon duniya a shekarar 1991. A wani lungu mai suna Hamelin Pool, gishirin ruwan ya ninka na sauran teku sau biyu. Wannan gishiri ya hana dodon koɗi da makamantansa yawaita, shi ya sa wasu ƙananan ƙwayoyin halitta da ake kira sayanobakteriya suka sami sakewa. Suna kama ƙwayoyin yashi suna jera su hawa-hawa, har su zama curin dutse mai suna sitiromatolayit, wanda ƙaruwarsa ba ta kai milimita 1 a shekara ba. A yankin Pilbara an sami burbushin irin wannan dutse mai shekara kusan miliyan 3,500. Kakannin waɗannan ƙwayoyi ne suka fara wadata sararin duniya da iskar oksijin da ake shaƙa.

Har ila yau, a Shark Bay akwai dabbar dugon kimanin 10,000. 'Yar'uwa ce ga ayu da ake samu a kogunan Neja da Binuwai, kuma ciyawar ƙarƙashin teku ita ce abincinta. A shekarar 2022 masana na Jami'ar Yammacin Ostiraliya suka bayyana cewa wani makeken fili na wannan ciyawa, mai tsawon kilomita 180, ashe tsiro ɗaya ne tak, wanda ya yi ta yaɗo har kimanin shekara 4,500.

Me Ya Sa Bututun Yake Gajere?

Ƙarshen tafiyar shi ne Ningaloo, ganuwar murjani mai tsawon kimanin kilomita 260, wadda ita ma ta shiga jerin UNESCO a 2011. A wasu wurare tana dab da gaɓa, har yaro zai iya isa gare ta da iyo. Kayan aikin su ne tabarau mai rufe ido da hanci, da bututun shaƙar iska, da takalman iyo masu faɗi.

Idon ɗan Adam ba ya gani sosai a cikin ruwa, domin yana bukatar iska a gabansa kafin ya tanƙwara haske yadda ya kamata. Tabarau ɗin ne ke riƙe masa wannan iska. Sai dai haske yakan karkata idan ya fito daga ruwa ya shiga iska, don haka kifi kan bayyana da ƙarin girma na kusan kashi ɗaya cikin uku.

Bututun kuwa da wuya ya wuce santimita 40. Ɗalibi na iya tambaya, me zai hana a yi mai tsawon mita 2 a nutse ƙasa sosai? Dalilai biyu ne. Na farko, kowace mita 10 ta zurfin ruwa tana ƙara matsi daidai da nauyin iskar sararin duniya gaba ɗaya. Ko a zurfin mita 1, ruwa yana danne ƙirji har jawo numfashi ta bututu ya zama wahala. Na biyu, doguwar kafa takan riƙe iskar da aka fitar, sai mutum ya yi ta maimaita shaƙar gurɓataccen numfashinsa.

Teku ba ta da wasa. A Turquoise Bay igiyar ruwa kan ɗauki mai iyo a hankali ta wuce da shi bisa murjani, amma wajibi ne ya fita kafin ya kai tudun yashin da ke ƙarshe, domin daga nan ruwa ke kwarara da ƙarfi ta wata kafar ganuwar zuwa tsakiyar teku. Don haka ba a barin yaro ya shiga shi kaɗai.

Babban Baƙo

Bayan cikar wata a Maris ko Afrilu, murjani kan saki ƙwayayensa cikin dare, abinci ya yawaita a ruwa. A wannan lokaci ne kifin shak-wel ke zuwa. Shi ne mafi girma a cikin kifayen duniya, yana iya kai mita 12, amma ƙananan halittu yake tacewa ya ci. Doka ta ce mai iyo ya bar tazarar mita 3 daga jikinsa, mita 4 daga wutsiyarsa. Kowane ɗaya yana da zanen ɗige-ɗige nasa na kansa, kuma a 2005 masana suka nuna cewa dabarar lissafin da ake gane jerin taurari da ita tana iya bambance kifi da kifi daga hoto. Ke nan hoton da ɗan yawo ya ɗauka yana iya amfanar bincike.

Murjani Ya Yi Fari

Murjani dabba ce, ba tsiro ba. A cikin jikinsa akwai ƙananan ƙwayoyin gansakuka masu sarrafa abinci da hasken rana, su ne ke ba shi launi da mafi yawan abincinsa. Idan zafin ruwa ya ɗara na ƙololuwar bazara da digiri 1 kacal har tsawon makonni, sai ya kore su, ya koma fari fat. In zafin ya sauka da wuri yakan farfaɗo, in ya daɗe yunwa ta kashe shi. A 2011 ɗumin teku ya halaka ciyawa mai yawa a Shark Bay, a 2025 kuma Ningaloo ta gamu da farin murjani mafi muni da aka taɓa gani a can.

Tekuna ne ke shanye kimanin kashi 90 cikin 100 na ƙarin zafin da ƙona mai da gas da kwal ke jawo wa duniya, kuma motar iyalin ma tana da nata ɗan kaso a ciki. Kiyaye dokar taɓa murjani abu ne da ke hannun kowane baƙo. Rage ɗumamar duniya kuwa aikin al'ummai ne baki ɗaya, kuma a kansa ya rataya ko yaran da suka leƙa wannan ruwa za su sami abin nuna wa nasu 'ya'yan.